Mashi da Garkuwa a Tafin Hannu

A cikin azumin shekarar 2023, wanda ya faɗo a tsakiyar bazara, na karɓe wayar salula daga hannun ɗan ƙanwata da nake riƙo a gidana a nan Agiye. Karɓe waya ba baƙon abu ba ne ga malamin makaranta, domin waɗanda na karɓe a cikin aji sun fi a ƙirga. Sai dai wannan yaron nawa ne, amanarsa tana wuyana, yana ajin ƙarshe na kwaleji, jarrabawar BEPC kuma saura ƴan watanni. Na fito tsakar gida wajen ƙarfe biyun dare don zafi ya hana ni barci, sai na hangi haske a cikin gidan sauronsa. Na ce, "Kawo." Ya miƙo ba gardama. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kawu, don Allah kada ka kashe ta yanzu, ban ajiye wasan ba." Na kashe ta a gabansa, na jefa a cikin akwatin da nake ajiye takardun gyara.

Dare na uku na ɗauko ta. Na gaya wa kaina cewa so nake in ga abin da ke cinye masa dare, don in san ta inda zan ɓullo masa da faɗa. Mai karatu, in malami ne, ya san irin wannan hujja.

Sunan wasan Monster Hunter, wato mafaraucin dodanni. Kamfanin Capcom na birnin Osaka a ƙasar Japan ne ya fara fito da shi a 2004. Wanda ke cikin wayar shi ne ake kira Freedom Unite, wanda ya fito a Japan a 2008, ya isa Turai da Amurka a 2009, kuma an yi shi ne don wata ƴar na'urar hannu mai suna PSP. Ban taɓa ganin PSP a Agiye ba. Abin da ke akwai shi ne wata manhaja, PPSSPP, wadda tun 2012 take sa wayar Android ta yi aikin waccan na'ura. Yaranmu sun fi amfani da ita wajen buga ƙwallon ƙafa, suna tura wa juna wasannin ta Xender ba tare da sun kashe ko dala ba. Ta haka wasan da ya kusa zama sa'an yaron ya ratso duniya ya shigo gidan sauronsa da harshen Faransanci, harshen da nake fama in sa shi ya karanta shafi biyu a cikinsa.

Tsarin wasan ba shi da wuyar faɗi. Kai maharbi ne a wani ƙauye mai dusar ƙanƙara da ake kira Pokke. Ana ba ka aikin farautar wata dabba, a ba ka minti 50. In dabbar ta sumar da kai, wasu kyanwoyi ne za su kwaso ka a amalanke su zubar a sansani, a zaftare ladanka. In ka suma sau uku, aiki ya ɓaci. In ka yi nasara sai ka feɗe dabbar, ka kai fata da ƙashi da ƙaho wurin maƙeri, ya ƙera maka makami da kayan kariya da za ka tunkari wadda ta fi ta. Abin da ya fara jan hankalina shi ne ba a nuna maka yawan ran da ya rage wa dabbar. Sai dai ka duba ta da ido, ka ga ta fara ɗingishi, ka ga ta nufi makwancinta. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsofaffin maharba ya san haka suke maganar nama.

Makamai iri 11 ne a wannan fitowar. Na gwada babban takobi, ya yi mini nauyi. Na gwada takubba biyu, na yi ta sarar iska kamar mai korar ƙuda. Ba a kan maɓallai na gaske ake wasan ba, a kan gilashin waya ne, yatsuna kuma yatsun mai riƙe alli ne da ya ba shekara arba'in baya. Duk makamin da ke buƙatar ka yi birgima ka kauce a cikin ƙiftawar ido ya fi ƙarfina. Sai na zo kan mashi, wanda yaran suke kira "lans". Dogon mashi ne a hannu ɗaya, ƙatuwar garkuwa a ɗayan. Na danne maɓallin garkuwa, wata dabba ta rugo ta bangaje ni, sai na ga mutumina ya ja baya taki ɗaya, yana nan tsaye. Na ce to, ga nawa.

Bayan kwana goma na kira yaron in mayar masa da wayar bisa sharaɗi. Ya kunna, ya ga sabon maharbi a jerin sunaye, ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ya yi ta maza bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka. Da ya ga makamin da na zaɓa ne abin ya ci tura, ya ce, "Kawu, ai wannan makamin tsofaffi ne. A fadarmu ba mai ɗaukarsa."

Yana da gaskiyarsa. Mai mashi ba ya iya gudu in makaminsa yana zare, tafiya yake yi kamar wanda ya ɗauko buhun gero. Ba ya birgima kamar sauran maharba, sai wani ɗan tsalle da yake yi baya ko gefe. In yana son shan magani dole ya mayar da mashin bayansa, mayarwar kuma tana da nawa, dabbar ba za ta jira shi ba. Sukansa ba ta da ado: uku ne a jere, ko dai a miƙe ko a ɗaga sama, sai ɗan tsallen nan, sai a sake uku. Yana da hari guda na a-zo-a-gani, inda yake sunkuyar da mashi ya sheƙa a guje, amma in abokansa suna gabansa har su zai kwashe. Samarin fada kan haɗa wayoyinsu su huɗu su yi farauta tare, kowa da dogon takobinsa yana juyi, kuma na ji da jikina cewa mai dogon takobi in ya tsaya kusa da mai mashi, yi masa taɗiya yake yi da kowane sara. Sau ɗaya na shiga cikinsu, ban ƙara ba.

Garkuwar ita ma ba katanga ba ce. Gaba kawai take karewa, duk abin da ya zo ta baya ko ta gefe zai same ka. Kowane duka da ta tare yana cin kuzarinka, wanda ake nunawa da wani layi rawaya a saman gilashi, in ya ƙare kuwa garkuwar za ta buɗe a daidai lokacin da ka fi buƙatarta. Duka mai nauyi yana tura ka baya, ya ɗan ɗebi jininka duk da ka tare. Saboda haka mai mashi ba ya fita sai da gasasshen nama a jaka don tsawon layin nan, da dutsen washi don kaifi, domin mashin da ya dakushe tsalle yake yi a kan fatar dabba ya bar ka a buɗe.

A nan maganar haɗa kaya take shigowa, kuma a nan na fi daɗewa, don ta yi kama da aikin da na sani. Kayan jiki kashi biyar ne: na kai, na ƙirji, na hannu, na ƙugu da na ƙafa. Kowane ɗaya yana ɗauke da maki na wasu baiwa, amma baiwar ba ta aiki sai makinta ya cika goma. Tara da sifiri duk ɗaya ne, kamar ɗalibin da ya tashi da tara da rabi a kan ashirin. Bugu da ƙari, kayan da ya ƙara maka a nan yakan rage maka a can, in ragin ya kai goma sai ya zame maka aibi. Akwai ƴan ramuka a jikin kayan da ake cusa duwatsun ado don cike giɓin maki. Na yi darare ina lissafi a bayan takardar ɗalibai, abin da ban taɓa yi wa kuɗin cefane ba. Na farauci wata ƙatuwar ƙaguwa, Daimyo Hermitaur, mai goyon ƙoƙon kan wata dabba a bayanta, har na daina ƙirga sau nawa, don ɓawonta kawai.

Masu mashi mazhaba biyu ne. Akwai masu tara makin kaucewa, waɗanda suke ratsa harin dabba da ɗan tsallen nan ba tare da sun ɗaga garkuwa ba. Wasansu yana da kyan kallo, amma na masu saurin yatsa ne. Akwai kuma masu tara makin tarewa, wanda ke rage turin da duka ke yi maka da kuzarin da yake ci. Nan na tsaya. Farashin da na biya shi ne ƙarfin suka, domin ramukan da wani zai cika da abin ƙara kaifi ni na cika su da abin ƙara tsayuwa. Na yarda da cinikin, har na fara jin cewa na fi yaran nan hankali.

Tigrex ne ya sauke mini wannan girman kai. Dabba ce mai zanen damisa da fukafukan da ta mayar ƙafafun gaba, ba ta san komai ba sai rugowa da baki buɗe, ta wuce, ta juyo, ta sake rugowa. Ita ce take jefo maharbin daga kan dutse tun a farkon labarin. Na shiga da kayana cikakku, na ɗaga garkuwa, ta zo na tare, ta koma na tare. Ko ihunta, wanda ke sa sauran maharba toshe kunne, garkuwata ta shanye. Ban suma ko sau ɗaya ba. Ina cikin jin daɗin kaina sai aka rubuta cewa saura minti goma, sannan biyar, sannan aka ce lokaci ya ƙare. Dabbar ko ɗingishi ba ta fara ba. Haka ta faru sau uku a dare uku.

Yaron yana zaune a gefen tabarma yana kallo, littafin lissafi a buɗe a cinyarsa don a ce yana karatu. A dare na uku ya ce, "Kawu, in faɗi wani abu?" Na ce faɗi. Ya ce, "Kai mutuminka kake kallo. Dabbar za ka kalla. Kuma garkuwar nan ba ɗaki ba ce da za ka shiga ka rufo ƙofa. An ba ka ita ne don kada ka yi nisa." Ya karɓi wayar ya nuna mini. Sauran maharba in dabba ta kawo hari gudu suke yi, su dawo, rabin lokacinsu a hanya yake ƙarewa. Mai mashi yana nan a gindinta, saboda haka da ta gama harin, a cikin ɗan numfashin da take yi kafin na gaba, shi ne mafi kusa da ita. Nan zai sauke garkuwa ya soka biyu, ba uku ba in lokacin bai kai ba, ya sake ɗagawa. Ya nuna mini yadda ake tsayawa da bango a baya a wasu wurare, a kauce, Tigrex ta kafa haƙoranta a dutse ta maƙale. Yaron da ban taɓa jin ya haɗa jimla uku a aji ba ya yi mini darasi na minti ashirin, da misali, da maimaici, da haƙurin da ni ban cika yi masa ba.

Na kashe Tigrex bayan sati guda, saura minti shida. Na datse mata wutsiya ma.

Tun ina wasan wani abu yake yi mini yawo a ka, sai daga baya na gane ko mene ne. Mutumin nan mai nauyin tafiya, wanda aka naɗe tun daga kai har ƙafa, wanda ba ya gudu kuma ba a so ya gudu, ai na san shi. Ɗan lifida ne. Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Maraɗi ko Tsibiri ko Katsina ya ga abin da ya rage na ƴan lifida. Lifidi riga ce ta doki da mahayinsa, wadda ake ɗinkawa ninki-ninki a cusa mata audugar rimi har kibiya ta kasa ratsawa. Ana haɗa ta da kwalkwali a ka, wani lokaci da sulke a ciki. Tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar waɗannan kaya ga Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Mu kuwa nan ƙasar ba labarin nesa ba ne a wurinmu. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunanta suka yiwo arewa, Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Shekaru da dama dawaki suna kai da kawowa tsakanin Maraɗi da Tasawa da ƙasar Katsina, musamman zamanin Ɗan Baskore, garuruwanmu kuma a tsakanin waɗannan wurare suke.

Ƴan lifida ba su da yawa a runduna, domin kayan suna da tsada, dokin da zai ɗauke su ma sai ƙaƙƙarfa. Aikinsu shi ne su tsaya inda kibau suke zuba, su fasa sahun abokan gaba, su kewaye sarki. Wanda ya faɗo daga doki da wuya ya hau shi kaɗai. Kuma suna da maganinsu, wato kibiyar wuta, tun da auduga ce a jikinsu. Na yi dariya ni kaɗai ranar da na haɗu da Gravios, wata dabba mai fatar dutse da ke feso wuta a miƙe kamar igiya. Na ɗaga garkuwata da na gama yarda da ita, wutar ta ratsa ta kamar babu. Ashe akwai hare-haren da ba a tarewa sai an tara makin wata baiwa dabam. Masu ƙera wasan a Osaka ba su san lifidi ba, ina jin daga mayaƙan Turai na da suka ɗauko siffar, amma lissafin nauyi da kariya iri ɗaya ne ko'ina aka yi shi.

Abin da ya dame ni shi ne, da na ce wa yaron "ɗan lifida", bai san kalmar ba. Ya san "bukiliye", ya san "armur", har ya san sunan kowace dabba da harshen da ba na kowa ba, amma bai san kwalkwali ba sai na masu babur. Ni ne malamin Hausa a gidan. Na shekara ina koyar da waɗannan kalmomi a matsayin jerin da ake haddacewa a manta, ban taɓa sa yaro ya ji nauyinsu a jikinsa ba. Da aka koma makaranta na gwada wani abu a aji. Na ce duk wanda ya san wasan ya bayyana wa wanda bai sani ba yadda ake haɗa kayan mai mashi, da Hausa zalla, kalmar Faransanci ɗaya ta fito a sake daga farko. Ajin ya kaure. Suka koma gida suka tambayi kakanni, suka dawo da asigiri, mashin da aka ƙera da ƙarfe tun daga kai har gindi, suka dawo da kansakali. Wata yarinya da ba ta taɓa riƙe wasan ba ta zo da warwaji, ta ce kakanta ya ce da fatarsa ake yin garkuwar da ta fi kowace. Na ƙara musu da cewa wannan farin barewar daji mai dogayen ƙahoni an bayyana ƙarewarsa a daji a shekarar 2000, sai a 2016 aka fara mayar da shi a ƙasar Cadi. Wato dabbar ta riga kalmar tafiya da ɗan kaɗan. Wani yaro daga baya ya tambaya ko dajin Ɗan Kada Dodo da ke nan ƙasar Agiye shi ma dodo aka kayar a ciki. Na ce ya je ya tambayo, har yau bai kawo amsa ba.

Kada abokan aikina su ɗauka ina kiran a shigo da wasan bidiyo cikin manhajar karatu. Ba na kira, kuma ga dalili. Yaron bai ci BEPC a 2023 ba. Lissafi ne ya kayar da shi, littafin nan da ke buɗe a cinyarsa yana kallon kawunsa yana fama da Tigrex. Ƙanwata ta zo daga ƙauye, ba ta ɗaga murya ba, cewa ta yi, "Yaya, na ba ka shi ne don ka fi ni sanin boko." Ba ta san rabin labarin ba, ni kuma ban cika mata sauran ba a ranar. Na san yaron yana da rauni a lissafi tun kafin wayar, na kuma san darare nawa na ci daga cikin nasa. Ba ni da ma'aunin da zan raba laifin, amma kason da ya fi girma ba nasa ba ne.

Abin da ya taimake mu a hutun nan ba dabarata ba ce. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da ke shigowa ƙasarmu, har da layin da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa. Cajin waya ya zama abin da ake kai wa mai faranti mai aiki da hasken rana a biya. Sai muka yi yarjejeniya: farauta ɗaya rak, ranar Alhamis da dare, bayan ya nuna mini aikin lissafin mako wanda abokin aikina ya duba. Shi ke riƙe wayar farauta ɗaya, ni mako mai zuwa. Ko da wutar ta dawo a watan Maris na 2024 ba mu canja ba. Ya ci jarrabawar a 2024. A wannan shekarar ne kuma na lura ya ajiye dogon takobi ya ƙera mashi, amma na mazhabar masu kaucewa, don kada a ce ya bi tsoho.

Na ji labarin inda wasan ya kai. Fitowar 2009 da ake kira Tri ta ba mai mashi damar tare duka ya mayar da suka a motsi ɗaya, abin da nawa ba ya yi. World ta 2018 ta fi kowane wasan Capcom kasuwa, ta kuma sauƙaƙe lissafin makin nan da ya cinye mini takardu. Wilds ta fito a watan Fabrairu na 2025 da makamai iri 14. Duk waɗannan suna son na'urorin da kuɗinsu ya fi albashina, saboda haka ina nan a Pokke, Gravios ɗin nan ma ban gama da shi ba.

Yanzu yaron yana lise a Maraɗi, wayar tana hannunsa. Abin da ya rage a wurina shi ne wani ɗan littafi da muka buɗe a aji, inda muka jera kalmomin wasan da Hausarsu. Mun sami suka da tarewa da washi da dakushewa ba wahala. Guri ɗaya ne har yanzu fari, wato sunan ɗan tsallen nan da mai mashi ke yi baya ba tare da ya juya wa dabbar ƙeya ba. Na ce gocewa, suka ce gocewa gefe ake yi. Na ce ja da baya, suka ce wannan na mai tsoro ne. Da yaron ya zo hutun salla na sake tayar da maganar, na ce ko tsallen kwaɗo. Ya ce, "Kawu, kwaɗo gaba yake yi." Ya yi alkawarin zai tambayi wani tsoho mai kula da dawaki a unguwarsu in ya koma.